Ba yaro gayaunarsa kafin ka nemi guminsa a gandu

Tambayar ta fito ne daga wani magidanci, ma'aikaci, mazaunin Hotoro a nan birnin Kano. Ya ce suna da gonar gado a kan hanyar Gezawa, kuma yana da 'ya'ya huɗu: namiji ɗan shekara 15, mace 'yar 12, namiji ɗan 9, sai auta mai shekara 5. Duk Asabar da damina yakan kwashe su zuwa gona, amma ban da ƙunƙuni da latsa waya a gindin bishiya ba abin da suke yi. Yana so su tashi masu iya wa kansu kamar yadda shi ya tashi, sai dai ya rasa ta inda zai ɓullo musu.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya raya zuri'a, Ya shirya mana su.

Kada ka yi saurin kiran yaran nan malalata. Duba abin daga inda suke tsaye. An tashi yaro da sassafe ranar da babu makaranta, an sa shi a mota, an miƙa masa fartanya a gonar da bai san wa ya zaɓi abin da aka shuka ba, bai san nawa aka kashe ba, kuma ran da aka kai amfanin kasuwa ko sisi ba zai gani ba. Ɗan ƙwadagon da ka ɗauka ya fi shi morewa, don shi da yamma zai karɓi kuɗinsa ya tafi. Na yi aikin malamin gona shekaru masu yawa a ƙauyukan da ke kewaye da Kano, kuma abin da na gani shi ne yawan wahala ba ya mai da yaro gwani. Na ga yaran da suka tashi fartanya ba ta bar hannunsu ba, da suka sami dama suka gudu birni suna tuƙa adaidaita sahu, ko sunan gona ba sa son ji. Wanda ya fito da wayo da dabara shi ne wanda aka damƙa wa wani abu tun yana ƙarami aka ce naka ne, in ya yi kyau kai, in ya lalace kai.

Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa ba su tsaya a gandu kaɗai ba. A tsarin gandu maigida ne ke riƙe da babbar gona, 'ya'yansa da ƙannensa su yi masa aiki tun hantsi har wajen azahar, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya sayi kayan aiki, in lokacin aure ya yi ya yi musu. Amma kowane saurayi ana yanka masa gayaunarsa. Bayan an tashi daga gandu, da ranar Juma'a da ba a fita aikin maigida, can yake duƙawa. Abin da ya ga dama shi zai shuka, abin da ya samu shi zai sayi rigar salla da shi, ko ya sayi ɗan akuya ya ɗaure. A gandu yaro yake koyon riƙon fartanya da biyayya. A gayauna yake koyon shawara da lissafi, da yadda zafin asara yake. Mu 'yan birni mun riƙe rabin farko mun yar da na biyun, sannan muna mamakin yadda yara suka ƙi gona.

Saboda haka kafin ruwa ya sauka bana, ka tafi da su ka yanka wa manyan ukun gayauna, kowa ya kafa turakunsa da hannunsa. Kada ka yi rowa, kada kuma ka yi zari. Ɗan shekara 9 kunya biyar ko shida masu tsawon taku ashirin sun ishe shi, abin da zai iya nomewa kafin rana ta yi zafi. Babban zai iya riƙe kwatan eka. Kuma kada ka ba su gefen da kai kanka ka san ba ya yin komai, tudun da ruwa ya wanke ko wurin da wuta-wuta ta cinye. Yaro ba shi da shekaru amma yana da ido, zai gane an yi masa wayo.

In ka nemi shawarata kan abin da za su fara da shi, wake zan ce. Dalilin farko lokaci ne. Yaranka 'yan makaranta ne, dogon hutu kuwa yakan kama daga wajen ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Gero da dawa ana shuka su tun ruwan farko a watan Yuni, lokacin suna tsakiyar karatu da jarrabawa, noman firi ma zai wuce ba su nan. Wake kuwa a ƙasar Kano ana iya shuka shi daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, kuma irin zamani mai saurin nuna yakan isa roro cikin kwana 60 zuwa 75. Ka ga ke nan shuka da noma da fure duk za su faɗo cikin hutunsu, roro kuma ya zo a Asabar ɗin farko-farkon komawa makaranta. Dalili na biyu, wake ba ya cin taki mai yawa, don saiwarsa tana tara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun yuriya; ɗan takin gargajiya ko ɗan takin zamani na SSP ya ishe shi. Na uku, amfani biyu yake bayarwa, ƙwaya da harawa, kuma harawar nan ita ce za ta haɗa gonar da gidanku na Hotoro, zan zo kanta. Iri mai kyau ba wuyar samu yake ba a Kano. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, tana da tasha a nan garin da gonar gwaji a Minjibir, kuma wake ne babban abin da suka daɗe suna aiki a kai, ga kuma jerin irin wake na SAMPEA na cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, Zariya. Ka tambayi ma'aikatan KNARDA, hukumar raya noma ta jihar Kano, na yankinku wanne ne ya dace da ƙasarku, musamman in akwai wuta-wuta. A babbar gonar ma za ka iya gwada tsarin da IITA ta yaɗa a nan, layi biyu na dawa ko masara, layi huɗu na wake, a riƙa juya su duk shekara. Amma fa shawara ce kake ba yaran. In 'yar taka ta ce kuɓewa take so, ko yakuwa don ta sami zoɓo, bar ta.

Tun daga iri za ka fara sa su aiki da kansu. Kafin shuka da mako guda kowa ya ƙirga ƙwaya ashirin daga irinsa, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye a inuwa yana yayyafa ruwa. Bayan kwana huɗu ko biyar a buɗe a ƙirga. In sha bakwai ko sha takwas sun tsiro, iri ya yi. In goma ne kawai, to ko a canza iri ko a ƙara yawan ƙwaya a rami. Ƙaramin abu ne, amma yaron da ya yi shi ya koyi cewa ba a karɓar maganar mai shago haka kawai, ana gwadawa. Da yawa daga manyan manoma ba sa yi, sai sun shuka gona ta fito gibi-gibi su dawo suna zagin mai iri.

Yanzu ga inda wuyar take, kuma a wurinka take, ba a wurin yaran ba. Za ka zo wata Asabar ka tarar ciyawa ta rufe kunyoyin ƙaramin saboda makon jiya ya tafi ƙwallo. Ga 'yan ƙwadago suna aiki a gandu, minti ashirin ya ishe su su share masa. Kada ka sa su. Faɗa masa sau ɗaya cewa wake ba ya jure ciyawa a makonni biyar ko shida na farko, abin da ta ƙwace masa a lokacin ba ya dawowa, sannan ka kama bakinka. In ya nome, madalla. In ya ƙi, ranar roro yayarsa za ta cika kwano shida shi yana da biyu, kuma wannan kwanon zai yi masa wa'azin da bakinka ba zai iya ba. Ranar kuma kada ka ce "ai na faɗa maka". Ya sani. Tambaye shi kawai me yake gani ya jawo, baɗi kuma me zai canza. Iyaye da yawa a nan suke faɗuwa: ko su ceci yaro daga kowace asara, ko su bar shi ya yi asarar sannan su bi shi da gori har ya tsani abin.

Sai dai ka rarrabe masa asarar sakaci da asarar da ta fi ƙarfin mutum. A 2016 tsutsar tumatir da ake kira Tuta absoluta ta share gonakin Kadawa da Kura, mutanen da suka ƙware a noman rani suka tashi ba ko kwando. A 1975 cutar da ta kama gyaɗa ta durƙusar da noman da Kano ta yi suna da shi har ake gina dala da buhuna. Waɗannan ba ragwaye ba ne. In ruwa ya ɗauke ana tsakiyar fure, ko awakin wani suka shiga, wannan ƙaddara ce, kuma a nan ne uba yake shigowa ya ce baɗi ni zan ba ka iri. Yaron da bai san bambancin nan ba, ko ya riƙa ɗora sakacinsa a kan ƙaddara, ko ya karaya tun faɗuwar farko.

Kowa ya sami littafi mai falle arba'in. Kuɗin iri, kuɗin huɗa in an yi masa da shanu, rabonsa na kuɗin feshi, duk a rubuta, kuma bashi ne ka ba shi, zai biya bayan kaka ba tare da ƙarin komai ba. Na san wani zai ce ina uba ina bin ɗansa bashin kuɗin iri. To in ba ka cire jari ba, yaro zai ɗauka duk abin da ya shigo hannu riba ne, kuma wannan ruɗun shi ne ya karya 'yan kasuwa da yawa masu gemu. Abin da ya rage bayan an cire jari nasa ne. Kada ka ara don cefane ka manta, kada mahaifiyarsa ta ce ta ajiye masa ya nema ya rasa. Sau ɗaya za a yi masa haka, baɗi ba za ka ga ƙeyarsa a gona ba.

Sayarwa kuwa makaranta ce mai zaman kanta, kuma a nan 'yan Kano suka fi kowa sa'a. Dawanau tana bakin ƙofarku, kasuwar hatsin da ake lodi daga cikinta zuwa Nijar da Chadi da kudancin ƙasar nan. 'Yankaba ta kayan gwari kuwa ba ta da nisa da Hotoro. Tafi da babban wata rana ba don ku sayar ba, ya zaga layin wake ya tambayi farashin fari da ja, manya da ƙanana, ya ga yadda dillali yake soka buhu ya duba huji da tsakuwa, ya ji nawa ne la'ada, nawa ne kuɗin dako, nawa mota take ci. Daga nan ka ajiye masa tambayar da kowane manomi yake fama da ita: a sayar yanzu da kaka da kaya suka cika kasuwa, ko a ajiye zuwa bazara? Yawancin shekaru farashi yakan tashi, amma ba kowace shekara ba, kuma wake in ba a kiyaye ba ƙwaro zai mai da shi gari cikin 'yan watanni. Ka saya masa buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka. A busar da waken sosai, a duba ledar ba ta huje ba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron yakan mutu don rashin iska, ba a zuba magani ko kaɗan, shi ya sa ma na fi son sa a gidan da yara ke aiki. Ya sayar da rabi da kaka, ya ajiye rabi, ya rubuta farashin ranakun biyu. Duk yadda ta kaya ya koyi abu.

Gayauna ba za ta kai nisabin zakka ba, amma ranar da kake fitar da ta gandu ka sa su su auna: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka yi wa ban-ruwa da inji. Su kuma daga nasu su ɗebi ko kwano guda su kai wa kakarsu ko wani maƙwabci da hannunsu.

Matsalar gonar ɗan birni ita ce nisa. Sau ɗaya a mako ake zuwa, tarbiyya kuwa abu ne na kullum. Wannan giɓin kiwo ne ke cike shi, kuma ko a cikin ganuwa da wuya ka shiga lungun da babu turke. A al'adarmu uwa ko kaka takan ba yarinya 'yar akuya, ta hayayyafa, a sayi kayan ɗakinta da kuɗin. Ba 'yarka jar akuya guda. Cikinta wata biyar ne, takan yi tagwaye, in ta sami kulawa tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Dabba ba ta san Asabar ba, ba ta san jarrabawa ko baƙi ba. Safe da yamma sai an ba ta ruwa da abinci, an share turke. Ɗan shekara 9 a ba shi kaza da zakara na gida, ya ƙirga kwana 21 na kwanci a kalanda, ya koyi kare 'yan tsaki daga shirwa da ɓera. Auta aikinsa ɗauko ƙwai da zuba ruwa a kasko, kuma a riƙa kiran aikin da sunansa, kada kowa ya yi masa. Ka sani da sanyin hunturu cutar nan mai share kaji takan zo ta kwashe akurki ɗungurum, awaki ma suna da tasu annobar mai sa zawo da majina. Dukansu akwai rigakafi, ana yin sa a Vom ta jihar Filato, ana samu a wurin likitocin dabbobi. Yaro ya je da kai ya ga yadda ake yi, ya rubuta ranar. Abu biyu kuma da ke kashe dabbar birni su ne leda da take tsinta a bola, da ragowar tuwo ko dusa da aka jibga mata lokaci guda cikinta ya kumbura.

To ga inda harawar take shigowa. Da kaka kusan banza ce a ƙauye, da bazara kuwa sai ka ji kuɗin ƙulli ɗaya ka riƙe baki. Su ɗaure harawar gayaunarsu tun ganyen bai zube ba, a kawo gida a ɗora a kan rufi ko rumfa inda raɓa da rana ba za su cinye ta ba, a haɗa da ƙowar waken. Kashin dabbobin kuma a tara a buhu, motar da ta kawo harawa ta koma da taki. Da haka ƙasar da ke kewaye da Kano ta daɗe ana noma ta shekara da shekaru ba hutu ba ta mutu ba: jakuna su shigo birni da itace da kara, su fita da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi. Sai dai sharar yau ba ta da ba ce, cike take da leda da batir da fasassun kwalabe, don haka takin turkenku ya fi aminci. In babban ya nuna sha'awa, wata uku ko huɗu kafin babbar salla ku sayi ɗan rago ramamme amma lafiyayye, ya yi kiwonsa da harawa da dusa da ɗan kanwa, ya rubuta duk abin da ya ci. Wani lokaci lissafin zai nuna ba a ci riba ba, musamman in duk abincin saye aka yi. Wannan ma ilimi ne mai tsada.

A gonar ka rage ba da amsa, ka yawaita tambaya. Me ya sa dawar gindin gawo ta fi ta fili kore? Bar su su lura da kansu cewa gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi ganye dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki. Me ya sa ake tuge wuta-wuta kafin ta yi 'ya'ya, ba a jira ba? Su tono guda su ga yadda ta manne a saiwar dawa, ka gaya musu tsiro ɗaya yana zubar da dubban 'ya'ya ƙanana kamar ƙura, masu iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma. Me ya sa ake binne yuriya ba a watsa ta a saman busasshiyar ƙasa? In ƙotar fartanya ta karye, kada ka sayi sabuwa a hanya, a nemi reshe a sassaƙa, ko yaro ya kai wa maƙerin ƙauyen ya tsaya ya ga yadda ake yi. Igiya ta tsinke, a koya masa ƙulli. Ƙofar akurki ta ɓalle, ga guduma ga ƙusa. Aikin zai fito a karkace, bar shi haka muddin yana riƙewa.

Akwai ayyukan da ba na yara ba ne ko kusa, kuma a nan ba na sassautawa. Feshi na farko. Wake yana bukatar feshi sau biyu ko uku daga fara fure, babba ne zai yi, da takalmi da dogon hannu da abin rufe hanci, yaran kuma ba sa shiga gonar ranar. Kada a aike su sayo maganin, kada a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da abinci, kada a wanke jarkarsa a zuba ruwan sha. Ƙwayar nan da ake jefawa a buhun hatsi iskarta kaɗai tana kisa in an ajiye buhun a ɗakin da ake kwana. Injin casa da na niƙa masu bel sun cinye yatsu da hannaye da yawa, yaro mai babbar riga kada ya matsa kusa. Tulin harawa da na kara mafakar maciji ne, a fara bugawa da sanda, a sa takalmi mai rufi. In tsautsayi ya faɗa, asibiti kai tsaye, ba tsaga ba tsotsa. Kududdufi da kanal, irin na Kadawa da ke shan ruwa daga madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, wanka a cikinsu ne ke kawo tsargiya, in ka ga jini a fitsarin yaro maganinta yana asibiti. In kuma wata rana kuka yi sha'awar lambu a cikin gari, ku guji ruwan Jakara da na Getsi, don dattin gari da na masana'antu ne ke kwarara a ciki. A duba allurar tetanus ɗinsu. Aikinsu kuma daga safe zuwa kafin rana ta take, da ruwan sha a kusa.

Karatu kuma ba a taɓa shi. Gona ba za ta ci ranar boko ba, ba za ta ci Islamiyya ba. In Islamiyyarsu tana zama Asabar da safe, ka je ka yi magana da malaminsu a sami tsari na watannin damina, kada ka koya musu satar fashi da sunan aiki. Ni a ganina ma littafin nan na gayauna zai gyara musu lissafi fiye da darasin gida na kuɗi.

Wani abin da 'yan birni ke mantawa shi ne mutane. Gonarku tana da maƙwabta ta gabas da yamma, tana da mai unguwa da dagaci. Ka zaga iyaka da yaran da ƙafa, ka nuna musu gamba ko bishiyar da kakansu ya kafa shaida, ka kai su su gaida dattijan da suka san tarihin wurin. Kano tana cin gonaki ta kowace kusurwa, abin da yake gona a Kumbotso da Ungogo jiya yau fuloti ne, kuma hanyar Gezawa ma abin yana tafe. Magajin da bai san iyakarsa ba, bai san kowa a garin ba, shi ne dillalin fili ya fi so. Wanda ke kula muku da gonar kuma su kira shi Baba ko Kawu, su ci abinci kwano ɗaya da 'ya'yansa. Shi ne malaminsu na gaskiya, ya fi ka sanin ƙasar nan, ka bar shi ya gyara musu riƙon fartanya ko da a gabanka ne. Kada ka yarda ɗanka ya zauna a inuwa yana aiken sa'an ubansa don shi ɗan mai gona ne.

Game da babban, kada ka sa rai da yawa a shekarar farko. Ɗan shekara 15 ya riga ya fara zama mutum, abokansa suna gari, kuma wataƙila duƙe ba zai taɓa shiga ransa ba. Ba laifi. Noma ba fartanya kaɗai ba ne. Wayar nan da kake jin haushinta, ba shi aiki da ita: shi zai riƙe lissafin gandu gaba ɗaya, shi zai riƙa kiran ƙauye ya ji ko an yi ruwa, shi zai duba hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon shekara, shi zai ɗauki hoton ganyen da ya yi ciwo ya kai wa malamin gona. Ranar biyan 'yan ƙwadago ba shi kuɗin ya ƙirga ya biya kana tsaye a gefe. In ciniki ne jininsa, ba shi ɗan jari ya sayi waken ƙannensa a farashin kasuwar ranar, ya ajiye a buhun PICS, ya sayar wa matan unguwa masu ƙosai da alala kwano-kwano. Sharaɗi ɗaya za ka kafa masa: kafin ya taɓa littafin gandu sai ya fitar da gayaunarsa damina guda da hannunsa, daga shuka har roro, don ya san abin da kunya ɗaya take ci a jikin mutum kafin ya fara yi wa ɗan ƙwadago ciniki a kanta.